Tarihin Dashen Ɗan Tayi ta Bututun Ƙwai

A jikin ko wace mace akwai waɗansu bututu biyu, ɗaya dama ɗaya hagun, waɗanda suka taso daga kafaɗun mahaifa suka miƙa wajen gidajen ƙwai. Tsawon ko wanne bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, watau kamar inci huɗu ko biyar, ramin cikinsa kuwa a wani wurin da ƙyar zare zai bi. Bakinsa na waje buɗaɗɗe ne, yana da 'yan yatsu-yatsu kamar tuntu, su ne ke cafe ƙwai in ya fito. A cikin wannan ɗan lungu maniyyi ke tarar da ƙwai, nan su ke haɗuwa, nan kuma ɗan tayi ke yin kwanakinsa na farko kafin ya gangara mahaifa ya nemi wurin kamawa. Wani likitan ƙasar Chile, Horacio Croxatto, shi da abokan aikinsa sun auna tafiyar a 1978, suka tarar tana cin sa'a 80 ko kusa da haka.

Yawancin masu neman haihuwa ta hanyar haɗin kwalba ba su da wata harka da bututun nan, domin a kan haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin bincike, sa'an nan a zura siririyar roba ta bakin mahaifa a ajiye ɗan tayin a ciki. Amma akwai wani zamani, daga 1984 zuwa tsakiyar shekarun 1990, da likitoci da yawa suka ga ya fi kyau a huda ciki a mai da ƙwai cikin bututu, a bar jiki ya ƙarasa aikin. Hanyar ta yi tashe, ta kuma faɗi, sai dai ta yi saura a wuri guda: wajen matan da aka yi ta dasa musu 'yan tayi a mahaifa, sau uku, sau biyar, har sau goma, ba ko ɗaya da ya kama. Labarin tashinta da faɗuwarta duk ya rataya ne a kan tambaya ɗaya, watau ko kwanon ɗakin bincike ya kai bututu iya reno.

Sunan da Turawa ke kiran bututun da shi sunan wani malamin fiɗa ne na Jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, Gabriele Falloppio, wanda ya siffanta shi cikin littafinsa na 1561, shekara guda kafin ya rasu. Ya kamanta shi da kakaki, saboda siririn gindi da faɗin baki. Aikin bututun kuwa bai bayyana gare shi ba, don a zamaninsa ba wanda ya taɓa ganin ƙwan mace. A 1672 Regnier de Graaf na ƙasar Holan ya yi ta fiɗar zomaye bayan barbara, ya ga 'yan dunƙule-dunƙule suna bin bututu zuwa mahaifa. Shi ƙwan kansa sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya gan shi sarai, a jikin wata karya.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dashen ɗan tayi na farko a duniya ta bututu aka yi shi. A cikin watan Afrilu na 1890 wani Baturen Ingila mai suna Walter Heape ya ɗauki wata zomanya irin Angora, masu farin gashi dogo mai laushi, wadda namiji irinta ya barbara sa'a 32 da suka wuce. Ya ciro 'yan tayi biyu daga jikinta, ko wanne ya rabu gida huɗu, ya sa su a saman bututun wata zomanya ta wani iri dabam, irin Beljiyam, wadda ita ma an barbare ta da namiji irinta sa'a uku kafin nan. Da lokaci ya yi ta haifi 'ya'ya shida. Huɗu sun yi kama da ita da mijinta, biyu kuwa Angora ne tsantsa, farare sol. Heape ba maganin rashin haihuwa ya ke nema ba. So ya ke ya gane ko uwar da ta ɗauki ciki tana shafa wa ɗan da ba nata ba kamanninta, ya kuwa ga ba ta shafawa. Amma ya bar wa na baya wani ilmi mai girma, cewa ana iya ɗauke ɗan tayi daga jiki, ya ɗan zauna a waje, a mai da shi bututu ya rayu.

Masu binciken dabbobi suka bi wannan turba shekaru da yawa, bututun kuwa ya yi ta ba su mamaki. A 1934 Gregory Pincus na Jami'ar Harvard ta Amurka ya ba da labari ya haɗa ƙwan zomo da maniyyi a kwano, ya mai da su bututun zomanya, ta haihu. Daga baya masana suka duba suka ce ai haɗuwar ba a kwanon ta auku ba, maniyyin ya maƙale ne a jikin ƙwai, sai da suka shiga bututu sa'an nan ya huda shi. Ashe Pincus ya yi aikin da za a yi wa mata bayan shekara hamsin, bai sani ba. Dalilin ya fito a 1951, sa'ad da mutum biyu, ko wanne a wurinsa, suka gano abu guda. Ɗaya Min Chueh Chang ne, mutumin ƙasar Sin mai aiki a Amurka, ɗayan kuwa Colin Austin a Ostareliya. Suka nuna maniyyi ba ya iya huda ƙwai da fitowarsa, sai ya yi 'yan sa'o'i a jikin mace ya nuna tukuna. Da wannan sani ne Chang ya samu haɗin kwalba na gaskiya a zomaye a 1959.

Da aka zo kan mutane sai aka juya wa bututu baya, kuma da dalili. Matan da Patrick Steptoe, likitan mata na garin Oldham, da Robert Edwards na Jami'ar Kembirij, da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy suka fara yi wa aiki, yawancinsu bututunsu ne ya toshe ko ya lalace. Manufar haɗin kwalba tun asali ita ce a kewaye wannan toshewa. Sun sha wuya ƙwarai. Bisa ga littattafan aikinsu, waɗanda aka bincika aka buga bayaninsu a 2015, mata 282 ne suka ba da kansu tsakanin 1969 da 1978, aka samu ciki 5, haihuwa 2. Ciki na farkon da suka ba da labarinsa a 1976 ma, ɗan tayin da suka ajiye a mahaifa ya lallaɓa ya koma bututu ya kama a can, dole aka yi fiɗa aka cire shi. Louise Brown, wadda aka haifa ran 25 ga Yuli 1978, uwarta ta shekara tara tana neman haihuwa saboda toshewar bututu.

To, bayan wannan nasara asibitoci suka buɗe ko'ina, a Ostareliya da Amurka da ƙasashen Turai, aka fara karɓar matan da bututunsu lafiya lau, sai dai an rasa dalilin rashin haihuwarsu, ko kuwa maniyyin miji ne ya yi rauni. Ɗakunan bincike na wancan lokaci kuwa ba su da ƙwari. Ruwan da a ke renon ɗan tayi a ciki an aro shi ne daga renon waɗansu ƙwayoyin halitta dabam, ko daga aikin ɓeraye. Akwatin ɗumi ya kan yi sanyi da an buɗe shi, iskar ɗaki da hasken fitila da irin robar kwano duk suna iya cutar da ɗan tayi, ba a kuwa gama gane wanne ne ke yin ɓarna ba. Galibin waɗanda aka yi wa aikin su kan koma gida hannu rabbana. Ganin haka sai waɗansu suka ce, mace tana da bututu mai lafiya, wanda aka halitta don wannan aiki, me zai sa a bar shi a zaune a koma ga kwano?

Likitocin garin Brno na ƙasar Cekoslobakiya, ƙarƙashin Ladislav Pilka, suna cikin na farkon da suka gwada. Suna cikin fiɗar gyaran bututu sai su ɗebi ƙwai su gauraya da maniyyi su zuba a ciki, aka kuwa samu haihuwa a 1982. Amma wanda ya tsara hanyar ya raɗa mata suna duniya ta ji shi ne Ricardo Asch, mutumin Ajantina mai aiki a Jami'ar Teksas a garin San Antonio, wanda ya ba da labarin ciki na farko a mujallar likitoci ta Lancet a 1984. Ga yadda a ke yi. A kan ba mace allurai don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda. Ran aiki a sa ta barci, a huda cibiya a zura madubin leƙa ciki, a tsotso ƙwan da allura. Nan take ma'aikacin ɗakin bincike zai zaɓi masu kyau, ya ɗura su cikin siririyar roba tare da wankakken maniyyi, da ɗan kumfan iska a tsakaninsu. Likita ya kama bakin bututu da hantsaki, ya zura robar kamar santimita biyu, ya tura. Shi ke nan, kafin sa'a guda an gama. Asch ya harhaɗa haruffan farko na sunan aikin da Turanci suka ba da GIFT, kalmar da ke nufin kyauta a harshensu, sunan kuwa ya taimaki hanyar ba kaɗan ba.

Aibinta guda shi ne likita ba ya ganin abin da ya faru bayan ya tura. In ciki bai shiga ba, ba a san ko maniyyin ya huda ƙwan ko bai huda ba. Don haka a 1986 Paul Devroey da abokan aikinsa a birnin Birasels na Beljiyam suka raba aikin gida biyu. A ɗebi ƙwai yau a haɗa shi da maniyyi a kwano, gobe a duba da madubin ƙara girma, in an ga 'yan ɗigo biyu a tsakiyar ƙwan, ɗaya na uwa ɗaya na uba, an tabbata haɗuwa ta yi, sai a huda ciki a sa shi a bututu tun bai fara rabuwa ba. Wannan ita ce a ke kira ZIFT. Mai jin Larabci zai yi murmushi, don a harshen Larabawa kalmar kwalta ke nan, mutanen Masar ma da ita su ke kushe abu. Waɗansu kuma suka ƙara kwana guda, sai ɗan tayi ya rabu gida biyu ko huɗu su sa shi. A birnin Sidni, Robert Jansen da John Anderson suka nuna a 1987 ana iya shiga bututu ta ƙasa, a bi ta bakin mahaifa ba tare da huda ciki ba, sai dai wannan hanya ba ta ba da ciki kamar ta sama ba, ba ta kuwa yaɗu ba.

Cikin 'yan shekaru hanyoyin nan suka cika duniya. Lissafin da asibitocin Amurka ke tarawa ko wace shekara ya yi ta nuna masu bin bututu sun fi masu bin mahaifa samun haihuwa. Akwai kuma waɗansu dalilai da ba na likitanci ba. Ƙaramin asibiti da ba shi da ɗakin bincike mai ƙarfi yana iya yin GIFT, tun da ba ya bukatar renon ɗan tayi. A Ingila dokar 1990, wadda ta kafa hukumar sa ido kan wannan sana'a, ba ta hau kan GIFT ba in ƙwai da maniyyin na ma'auratan ne, domin a ganin doka ba a yi ɗan tayi a wajen jiki ba. Mabiya ɗariƙar Katolika su ma suka samu mafita. Takardar da fadar Fafaroma ta fitar a 1987, da sa hannun Kadina Joseph Ratzinger wanda daga baya ya zama Fafaroma, ta hana haɗin kwalba, amma ba ta ambaci GIFT ba. Malamansu suka rabu, waɗansu suka ce tun da haɗuwar a jikin mace ta ke aukuwa, taimakon aure ne, waɗansu suka ƙi. Asibitocinsu da dama dai suka karɓa.

A wajen malaman Musulunci lamarin ya sha bamban. Fatawar da Shaihu Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ ya bayar a Masar a 1980, sa'ad da ya ke muftin ƙasar, da ƙudurin da majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a birnin Amman a 1986, duk ba su rataya hukunci a kan inda ƙwai da maniyyi suka haɗu ba. Abin da suka duba shi ne na wane ne ƙwan, na wane ne maniyyin, da kuma mahaifar da za ta ɗauka. In na miji da matarsa ne, aure na nan, bukata kuma ta kama, ya halatta, in wani na uku ya shigo ya haramta saboda cakuɗa nasaba. Saboda haka hanyar bututu ba ta samu wani fifiko na addini a ƙasashen Musulmi ba.

A ƙasashen Afirka kuwa akwai wani shinge dabam. Hanyar tana bukatar bututu mai lafiya ko da guda ne, shi ne kuwa abin da ya fi lalacewa a nan. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1985 ya nuna cikin matan Afirka da suka je asibiti don rashin haihuwa, kusan rabi bututunsu duka biyu a toshe su ke, alhali a ƙasashen Turawa ba su fi ɗaya cikin tara ba. Ciwon sanyi da ba a yi magani ba, da ƙwayoyin cuta masu shiga bayan haihuwa ko ɓari, su ne manyan dalilai. Don haka galibin masu neman taimako a Nijeriya, tun daga aikin Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie a asibitin koyarwa na Legas a shekarun 1980 har zuwa na Ibrahim Wada a Abuja a 1998, hanyar mahaifa ce ta dace da su tun farko.

Abin da ya karya hanyar bututu a ƙasashen da ta yi tashe, na farko dai na'urar hoton ciki ce. Tun 1985 Matts Wikland na ƙasar Suwidin da waɗansu suka nuna ana iya ɗebo ƙwai ta farji da doguwar allura, ana kallo a allo, ba huda cibiya, ba barci mai nauyi. Da wannan ya samu, haɗin kwalba ya zama aikin wuni guda, mace ta zo da safe ta koma gida da azahar, mai bin bututu kuwa dole ta shiga ɗakin fiɗa, kuɗin ma ya fi yawa. Sa'an nan a 1992 mutanen Birasels ɗin nan, har da shi Devroey, suka fito da dabarar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a soka ta cikin ƙwai da allurar gilashi, wadda ta ɗauke matsalar raunin maniyyi daga hannun GIFT ɗungum.

Babban dalili kuwa shi ne ɗakin bincike ya zauna ya yi karatu wurin bututu. A 1985 Patrick Quinn a birnin Adelaide na Ostareliya ya harhaɗa ruwan reno yana kwaikwayon gishirin da ke cikin ruwan bututun mace, har ya sa masa sunan ruwan bututu. A Singafo, Ariff Bongso ya shimfiɗa ƙwayoyin halitta na cikin bututu a gindin kwano ya reni 'yan tayi a kansu. David Gardner da abokan aikinsa suka auna abincin da ke cikin bututu da na mahaifa a 1996, suka ga ba ɗaya ba ne. A bututu sukari kaɗan ne wajen tsakiyar wata, a mahaifa kuwa ya fi yawa, domin ɗan tayi na kwana ɗaya da na kwana biyar ba abinci guda su ke ci ba. Suka yi ruwa iri biyu, na farkon kwanaki da na ƙarshe, aka fara iya renon ɗan tayi har kwana biyar, watau har lokacin da a ka'ida ya ke cikin mahaifa yana shirin kamawa. Aka kuma rage iskar oksijin a akwatin ɗumi ta yi kusa da ta cikin jiki. Ko wane gyara da aka yi, ratar da ke tsakanin kwano da bututu ta ragu.

Aka dawo kuma aka sake duban lissafin nan da ya ɗaukaka hanyar. Matan da a ke yi wa aikin bututu zaɓaɓɓu ne, cikinsu lafiya, kuma sau da yawa ƙwan da a ke zuba musu ya fi yawa, abin da ya jawo tagwaye da 'yan uku da 'yan huɗu da haihuwar bakwaini. Gwada su da matan da bututunsu ya ruɓe ba adalci ba ne. Gwajin gaskiya shi ne a jefa ƙuri'a, a raba mata masu hali ɗaya gida biyu. A 2001 Antonia Habana da Steven Palter na Jami'ar Yale suka tattara irin wannan gwaji guda shida, jimlar zagayen magani 548, ba su ga wani bambanci ba wajen samun ciki, sai ma alamar cewa kamawar ciki a wajen mahaifa ta ɗan fi yawa a wajen masu bin bututu. Kafin tsakiyar shekarun 2000, GIFT da ZIFT ko wacce ta koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari na aikin da a ke yi a Amurka. Shi kansa Asch sunansa ya ɓaci tun 1995, sa'ad da aka zarge shi da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Irvine da ɗaukar ƙwan waɗansu mata suna sa wa waɗansu ba da izni ba. Ya bar Amurka ya tafi Meziko, jami'ar ta biya diyya mai yawa, jihar kuma ta yi doka a 1996 ta mai da wannan aiki laifi. Abin kunya ne babba, amma ba shi ya kashe hanyar ba, ta riga ta kama gangara.

Saura matan da dashe ya ƙi kamawa. Waɗannan su ne mafi wahala a wannan fage. An ba su allurai, ƙwai ya fito, ya haɗu, ɗan tayi ya yi kyau a ido, an ajiye shi a mahaifa, bayan mako biyu jini ya zo. A sake, a kuma sake. Dukiya ta ƙare, haƙurin miji da na dangi ya soma ƙarewa, likita kuma ba shi da amsa. Ko ma'anar ciwon ba a daidaita a kanta ba. Waɗansu sun ce sai an dasa sau uku, waɗansu suka ce sai 'yan tayi goma sun salwanta, wata ma'ana da aka bayar a Ingila a 2014 ta ce 'yan tayi huɗu masu kyau cikin dashe uku ga macen da ba ta kai shekara 40 ba. Mai irin wannan hali ba abin da za a ce ta gwada ta ƙi, nan ne kuwa hanyar bututu ta samu mafaka.

Hujjar masu goyon bayanta ba ta banza ba ce. Sun ce mai yiwuwa waɗansu 'yan tayi ba su jure zaman kwano ko da an gyara shi. Sun ce robar da a ke zurawa ta bakin mahaifa tana iya jawo jini, ko ta kwaso ƙwayoyin cuta, ko ta tsokani mahaifa ta yi ta matsawa har ta turo ɗan tayin waje. Wannan na ƙarshe ma Renato Fanchin ya gwada shi a Faransa a 1998, ya nuna matan da mahaifarsu ta fi motsi a lokacin dashe sun fi rashin samun ciki. Ɗan tayin da ya biyo bututu kuwa ta sama zai shigo, a kan lokacinsa, ba wanda ya taɓa mahaifar.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan ra'ayi shi ne David Levran na asibitin Wolfson a garin Holon na Isra'ila. A 1998 ya ba da labarin mata 70 da dashe ya sha ƙi musu, ya yi musu ZIFT, 24 suka samu ciki, alhali cikin waɗansu 70 masu irin halinsu da aka sake bi musu ta mahaifa 12 ne suka samu. Ninki biyu ke nan, sai dai ba ƙuri'a ce ta raba su ba. A 2002 ya sake wani gwaji, mata 32 aka yi musu ZIFT, 32 aka reni 'yan tayinsu har kwana biyar. A kashi na farko 13 suka ɗauki ciki, a na biyu mace ɗaya tak. Wannan lissafi ya burge mutane, amma mai lura zai tsaya a kan ɗayan nan. Ciki ɗaya cikin 32 ya yi ƙasa ƙwarai da abin da sauran asibitoci ke samu da renon kwana biyar, har ya fi kama da shaida a kan raunin renon da aka yi a wancan ɗaki a wancan lokaci. Ga shi kuma 'yan tayin da aka zuba a bututu suna da yawa, cikin tagwaye da 'yan uku ya yi yawa a cikinsu. Da aka gwada a Turkiyya a 2005, aka kuma gwada a Iran bayan shekara goma, ba a ga wannan fifiko ba.

Daga baya tambayar kanta ta sake kama. Da aka samu dabarar cirar 'yan ƙwayoyin halitta daga jikin ɗan tayi na kwana biyar a ƙirga zaren gadonsa, sai ya bayyana da yawa daga cikin waɗanda ke da kyau a ido lissafin zarensu bai cika daidai ba, wani ya yi ƙari wani ya yi ragi, abin kuwa yana ƙaruwa da shekarun mace. Irin wannan ɗan tayi ko a ina aka ajiye shi, bututu ko mahaifa, da wuya ya zama ɗa. A 2021 Paul Pirtea da abokan aikinsa suka bi labarin mata 4,429 a wani asibitin Amurka, masu lafiyayyar mahaifa, waɗanda aka dasa musu ɗan tayi mai cikakken zare ɗaya bayan ɗaya. Bisa lissafinsu, kafin a gama dashe na uku 95 cikin ɗari ya kama musu. Watau rashin kamawa na gaskiya, wanda laifin ba na ɗan tayi ba ne, bai kai yadda a ke zato ba. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta bi wannan hanya a 2023, ta ce kada a ƙirga yawan dashe kawai, a duba shekarun mace da irin 'yan tayin, sai in damar da ta tara ta wuce 60 cikin ɗari ba ta samu ba sa'an nan a shiga neman wani dalili.

Inda har yanzu a kan tuna da bututu shi ne in ƙofar ƙasa ta ƙi buɗuwa. Akwai matan da bakin mahaifarsu ya tsuke ko ya karkace ƙwarai, ko an yanke shi saboda ciwon daji, ko an haife su ba shi, roba ba ta iya wucewa sai da rauni. Ga irin waɗannan, in bututu na da lafiya, a kan huda ciki a sa ɗan tayi ta sama kamar yadda Devroey ya yi. Ko a nan ma tana da kishiya, domin a 1993 Osamu Kato na ƙasar Jafan ya nuna ana iya soka allura ta jikin bangon mahaifa, ana kallo a na'urar hoton ciki, a ajiye ɗan tayin ba tare da an bi ta baki ba, ba kuma tare da an sa mace barci mai nauyi ba. Asibitin da ke da wannan allura da wanda ya iya ta, ita ya kan fara gwadawa.